LAFIYA UWAR JIKI: Idan mace ta ce a yi mata aiki, me likita zai ce?

A wannan wata filin lafiya ya ɗauko wata magana da likitocin duniya suka daɗe suna gardama a kanta, har yau ba su gama ba. Maganar haihuwa ce. Wanda ya karanta, ya karanta ma waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna, musamman mata.

Kowa ya taɓa jin labarin macen da aka yi ma aiki aka ciro mata ɗa. Wasu na cewa fiɗa, ma'aikatan asibiti kuma na cewa sezariyan. Ga yadda ake yi. Ana yi ma mace allura a gadon baya, jikinta ya mutu daga ƙirji zuwa ƙafa. Tana ido biyu, amma ba ta jin zafi. Wani lokaci ana sa ta barci gaba ɗaya. Likita ya tsaga mara, ƙasa da cibiya, ya buɗe mahaifa, ya fiddo jinjiri da mabiyiya, sa'an nan ya ɗinke. Yawanci aikin ba ya wuce awa guda.

Akwai ranar da aikin nan yake zama tilas. Jinjiri ya kwanta a gicciye. Ko kansa ya fi ƙarfin ƙugun uwa. Ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, jini ya ɓalle. Ko naƙuda ta yi tsawo har ɗa ya gaji a ciki. A irin wannan rana babu likita biyu da za su yi musu. Aiki ne na ceton rai, a yi shi da sauri.

Inda gardama take daban ne. Ga mace lafiya lau. Ga ciki lafiya lau, ɗa guda, kansa ya juyo ƙasa yadda ake so. Sai ta zo ta ce ma likita: ba ta son naƙuda, a sa mata rana a yi mata aiki. To, likita ya yarda ko ya ƙi?

A ƙauye wannan tambaya za ta ba mutane mamaki, don a nan gudun wuƙar likita ake yi, ba neman ta ba. Amma a ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Birazil, mata na zuwa da wannan roƙo. Ba su da yawa kamar yadda ake zato, amma akwai su. Galibinsu tsoro ne ke kawo su. Wata ta sha azaba a haihuwar baya. Wata ɗanta ya zo babu rai. Wata ta yage, ta yi watanni ba ta iya zama. Wata tana tsoron fitsari ya riƙa kufce mata bayan haihuwa. Akwai kuma ƴan kaɗan da ke son zaɓen rana kawai.

Abin da likitoci suka zaɓar ma kansu

A shekarar 1996 aka buga sakamakon wata tambaya da aka yi ma likitocin haihuwa na birnin Landan, babban birnin Ingila. Ba a tambaye su abin da suke gaya ma mutane ba. An ce da su: in ke ce mai cikin, ko in matarka ce, cikin fari ne, kome lafiya, wace hanya za a bi? Cikin likita 100, 17 suka ce aiki. Da aka ware mata daga maza sai abin ya ƙara fitowa. Cikin likitoci maza 100, 8 ne kaɗai suka zaɓi aiki. Cikin likitoci mata 100 kuwa, 31 ne. Wato kusan mace guda cikin uku. Babban dalilin da suka bayar shi ne tsoron yagewa da lahanin da ke biyo bayanta.

Wannan labari ya tada ƙura sosai. Mutane suka ce, ashe mai dafa tuwon ma yana da nasa zaɓi. Amma a lura da kyau: mafi yawan likitocin, har matan, haihuwa da kai suka zaɓa.

Shekara 2 bayan haka, a 1998, ƙungiyar likitocin mata ta duniya, wadda ake kira FIGO, ta ba da amsarta. Ta ce bai halatta ga likita ya yi ma mace wannan aiki ba in babu dalilin rashin lafiya. Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi. Aiki aiki ne, kome ƙwarewar hannu. Wadda aka yi ma shi ta fi zubar da jini. Ɗinki na iya ruwa. Jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ya tafi huhu. Ta fi daɗewa a kwance, kuma sai ta yi makonni kafin ta ɗauki tulu. Jinjirin da aka ciro kafin lokacinsa ya cika yakan sha wahalar numfashi. Saboda haka suka ce, mai lafiya ba a kai masa wuƙa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wasu likitocin suka ce a'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Jikin na mace ne, ita za ta sha zafin, ita za ta zauna da lahanin in ya zo. Haihuwa da kai ma tana da nata haɗari. Don me za a lissafa mata haɗarin aiki ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru a kan haɗarin ɗaya hanyar?

A Ingila ra'ayi na biyu ne ya yi rinjaye a takarda. A 2011 hukumar da ke tsara ma likitocin ƙasar ƙa'idojin aiki ta ce: in mace ta roƙi aiki, a zauna da ita, a ji dalilinta, a gaya mata amfani da haɗarin kowace hanya. In tsoro ne, a haɗa ta da wanda ya san maganin tsoro. In bayan duk wannan ta ce har yanzu aiki take so, a yi mata. Likitan da zuciyarsa ba ta yarda ba, ba a tilasta masa, amma dole ya miƙa ta ga wani likita da zai yi.

Rubuta doka daban, bin ta daban. A 2018 wata ƙungiyar kare haƙƙin masu haihuwa, mai suna Birthrights, ta bincika asibitocin ƙasar. Ta tarar cikin 100, 26 ne kaɗai ke bin ƙa'idar yadda take. 15 kuwa sun rufe ƙofa, sun ce ba sa yi sam. Sauran suna tsakani, yau e, gobe a'a.

Shari'ar da ta girgiza likitoci

Akwai wani labari da ya kamata a tsaya a kansa. A yankin Sikotilan, can arewa da Ingila, wata mata ta haihu a 1999. Gajeruwa ce, kuma tana da ciwon sukari. Mai ciwon sukari takan haifi ƙaton jinjiri, kuma ƙaton jinjiri kafaɗarsa na iya maƙalewa bayan kai ya fito. Ga mace irin wannan, abin kan faru ga 9 ko 10 cikin 100. Likitarta ta san haka. Matar ta sha faɗa mata cewa girman ɗan yana damun ta. Amma likitar ba ta gaya mata maganar kafaɗa ba.

Ranar haihuwa abin da ake gudu ya faru. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale. An yi minti 12 ana fama kafin a fiddo yaron. Cikin wannan lokaci iska ba ta isa ƙwaƙwalwarsa yadda ya kamata ba, ya tashi da naƙasa ta har abada.

Uwar ta kai ƙara. A gaban alƙali likitar ta faɗi dalilinta. Ta ce in ana gaya ma masu ciwon sukari wannan magana, kusan dukansu aiki za su ce a yi masu, ita kuwa a ganinta aiki ba alheri ba ne ga uwa. Kotunan ƙasa suka ba likita gaskiya. Uwar ba ta haƙura ba, ta ɗaukaka ƙara har babbar kotun ƙasar. A watan Maris na 2015 alƙalai 7 suka ba ta gaskiya baki ɗaya. Suka ce wajibi ne likita ya gaya ma majinyaci duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani, da sauran hanyoyin da ake da su, sa'an nan majinyaci ya zaɓa. Ana kiran wannan shari'a da sunan Montgomery.

Likitar nan ba muguwa ba ce. Alheri take nufi. Kuskurenta shi ne ta yanke hukunci ita kaɗai a kan jikin da ba nata ba, ta ɓoye magana don kada a yi mata gardama. Yaron ne ya biya.

A 2022 hukumar asibitocin Ingila ta umarci gidajen haihuwa su daina auna kyawun aikinsu da ƙarancin fiɗa. A wannan shekara kuma aka fitar da rahoton bincike a kan wasu asibitoci da aka daɗe ana yabo don ba sa yawan yin aikin. Ashe an yi ta jinkirta ma mata aikin da ya wajaba, har aka yi asarar jarirai.

Birazil: wa ya roƙa, uwa ko likita?

To, kada mai karatu ya ce ke nan gaskiya tana wajen masu yarda. A duba ƙasar Birazil, a Amurka ta Kudu, ƙasar da aka sani da ƙwallon ƙafa. A can likitoci ba sa jan ƙafa. Fiye da rabin jariran ƙasar da aiki ake fiddo su. An daɗe ana cewa matan ne ke so.

Sai wasu masu bincike suka bi mata 1,136 tun suna da ciki har suka haihu, aka buga sakamakon a 2001. Cikin 100, 70 zuwa 80 sun ce da kansu suke son haihuwa, masu kuɗi da talakawa duka. Amma da rana ta zo, a asibitocin kuɗi an yi ma 72 cikin 100 aiki. A asibitocin gwamnati, 31 cikin 100. Ashe roƙon da ake cewa na uwa ne, sau da yawa shawarar likita ce ta sa rigar uwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Naƙuda ba ta san dare ba, ba ta san ranar hutu ba, tana iya cin yini da kwana. Aiki kuwa ana sa masa rana da awa, a gama, likita ya koma gida.

A 2016 majalisar likitocin Birazil ta yarda mace tana da ikon zaɓen aiki, amma sai ciki ya kai mako 39, kuma sai an yi mata bayani ta sa hannu. Cikin mace yakan cika a wajen mako 40. Ƙasar Turkiyya kuwa ta bi wata hanya: a 2012 ta yi dokar da ta taƙaita aikin ga masu dalilin rashin lafiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tambayar da ta fi kowace: ƴaƴa nawa?

A Amurka an tara manyan masana a 2006 don su raba gardamar. Suka yi kwanaki suna duba hujjoji, suka ce hujjar da ke akwai ba ta isa a ce wannan hanya ta fi waccan ga kowace mace ba. Amma sun tsaya a kan magana guda: ba a ba macen da ke son ƴaƴa da yawa shawarar zaɓen aiki. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta ƙasar ta bi wannan magana, ta ƙara da cewa kada a yi kafin mako 39, kuma kada rashin maganin zafin naƙuda ya zama shi ne dalili.

Me ya sa yawan ƴaƴa ya shigo ciki? Saboda tabo. Tabon da ake gani a mara ba shi ne abin damuwa ba. Akwai wani a jikin mahaifa, wanda ido ba ya gani. Kowa ya san buhun da aka ɗinke: yana ɗaukar hatsi, amma in zai yage, a wurin ɗinkin zai fara. Macen da aka taɓa yi ma aiki sau guda tana iya haihuwa da kanta a gaba, da yawa suna yi. Amma kamar mace 1 cikin 200 mahaifarta kan tsage a wurin tabo lokacin naƙuda. In tana cikin asibiti mai ɗakin fiɗa, ana iya ceton ta da ɗanta. In tana bisa amalanke, tsakaninta da asibiti kilomita 40, sai abin da Allah ya yi.

Abu na biyu, mabiyiya. A cikin da ya biyo baya tana iya kafa saiwa a kan tabo, ta ƙi rabuwa da mahaifa bayan haihuwa. Jini ya yi ta zuba, har wani lokaci babu dabara sai a cire mahaifar ɗungum. A 2006 aka buga lissafin mata fiye da 30,000 na Amurka. A aiki na farko wannan matsala ba ta kai ga mata 3 cikin 1,000 ba. A aiki na huɗu ta kai 2 cikin 100. Daga na shida zuwa sama, kusan 7 cikin 100. Wato aiki yana sauƙaƙe haihuwar yau, ya bar ma haihuwar gobe bashi, kuma bashin yana ƙaruwa da kowane ciki.

Macen Landan mai shekara 38 da ke son ɗa guda ko biyu, ga asibiti a bakin ƙofa, ga jini a ajiye, wannan bashi ba zai cika kama ta ba. Shi ya sa likitanta ke iya yarda da zuciya ɗaya.

A nan ne maganar ta taɓo Nijar. Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna macen Nijar takan haifi ƴaƴa fiye da 7. Yarinyar da aka yi ma aiki ba dalili a cikin fari, tana da shekara 18, ta ɗauki tabon da zai bi ta ciki shida ko bakwai. Kuma aikin kansa bai zama daidai ko'ina ba. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 22, aka buga a 2019, ya tarar mace 1 cikin 200 tana mutuwa bayan aikin, wato ninki 50 na ƙasashe masu arziki. Zubar jini na cikin abubuwan da ke jawo hakan, kuma uku cikin huɗu na ayyukan na gaggawa ne, an kawo mace a makare. Saboda haka likitan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da ya ce ma mai lafiya ta dakata ta gwada naƙuda a gabansa, ba ƙeta ya yi mata ba. Lissafinsa daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne ya kore ta bai ji abin da ke ba ta tsoro ba. Mace ba ta roƙon wuƙa don wasa. Sau da yawa bayan roƙon akwai ɗan da aka binne, ko naƙudar kwana uku da ba a manta ba, kuma wannan labari na iya zama dalili na gaske da likita ke bukatar ji.

Ciwon Nijar ma na rashi ne, ba na yawa ba. A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yi taro a garin Fortaleza na Birazil, aka ce babu dalilin da zai sa aiki ya wuce haihuwa 10 zuwa 15 cikin 100. A 2015 ta ƙara bayani: a daina bin lamba, a tabbata duk mai bukata ta samu. Lissafin da ta bayar a 2021 ya ce a duniya duka jinjiri 21 cikin 100 da aiki ake fiddo shi. A Afirka kudu da Sahara, 5 ne. A Nijar kuwa, ƙidayar 2012 ba ta samu ko 2 cikin 100 ba, alhali tun 2005 gwamnati ta yi dokar da ta mai da aikin kyauta a asibitocinta. Wannan ƙarancin ba alamar ƙarfin mata ba ne. Ma'anarsa akwai mata da yawa da aikin ya wajaba a kansu, ba su samu ba. Wasu sun rasu. Wasu sun rasa ɗa, sun dawo gida da yoyon fitsari.

Nisa na cikin dalilai, da rashin mota. Amma akwai na baki. Ana ce ma wadda aka yi ma aiki raguwa. Kishiya ta yi habaici, uwar miji ta taɓe baki. Yarinya mai cikin fari ta ɓoye naƙuda don kunya har rana ta faɗi ta sake fitowa. Maigida kuma likita ya ce aiki, shi ya ce sai ya yi shawara da gida, awa uku ta wuce. Jarumtar mace ba ta faɗaɗa ƙugu. Ƙashi ne, in ya yi kaɗan ya yi kaɗan.

Mai ciki da ke jin tsoro, ta faɗa a wurin awo tun da wuri. Ta gaya ma ungozomar asibiti yadda haihuwar baya ta kasance, kwana nawa ta yi, ko ɗan ya zo da rai, ko ta yage. Ta tambaya: mene ne haɗarin aiki a gare ta, mene ne haɗarin naƙuda? Tana da haƙƙin a amsa mata da harshen da take ji. In an yi mata aiki, kafin a sallame ta ta nemi a gaya mata dalili, a rubuta shi cikin karnenta, ta adana karnen nesa da gara da ruwan sama.

Wadda ke da tabo kuwa, ƙa'idarta ba ta da sassauci. Likitoci na ba da shawara ta huta kamar shekara 2 kafin wani ciki, wato kusan lokacin yaye da aka gada, a guji kwanika. Duk haihuwar da za ta yi nan gaba a asibiti mai ɗakin fiɗa za ta yi ta, ba a ɗaki ba, ba kuma a ƙaramin gidan likita na ƙauye ba. In watan tara ya kama, ta koma wajen dangi a garin da asibitin yake, ta jira a can. Maigida ya tanadi kuɗin mota tun da kaka, ya kuma nemi mutum biyu cikin dangi da suka yarda su ba da jini in an bukata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin lafiya zai yi bayani a kan kula da ɗinki bayan an dawo gida, da abin da ya shafi wankan jego ga wadda aka yi ma aiki.